Jiƙaƙƙen Yashin Baba Gimba

Duk wanda ya taɓa ratsa zauren gidanmu na Yindiski bayan sallar azahar a watannin bazara, ya san abin da zai tarar. Kakana Baba Gimba ne a miƙe a kan jiƙaƙƙen yashi, daga shi sai zani a ƙugu, ya ɗora hannu biyu a kan tumbi, yana sharar minshari. Ba tabarma, ba buzu, ba matashi. Yashi tsagwaronsa, an zuba shi a kusurwar zaure an yi masa iyaka da bulo huɗu. In baƙo ne ya yi sallama sai ya ja da baya da salati, mu kuwa 'yan gida sai mu raɓa ta gefen ƙafarsa mu wuce. Ku da kuka san shi ba sai na rantse muku ba.

Shekara arba'in ya yi yana tuƙa motar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Kudu, kuma a can ya koyo wannan hali, don in rana ta take sai ya tsaya a bakin rafi ya shige ƙarƙashin mota ya kwanta. Da ya ajiye tuƙi sai ya kawo rafin gida. In an yi masa magana, amsarsa ɗaya ce:

"Ni lagiretona ya huje tun ina karen mota. In ba a zuba mini ruwa ba, bugawa zan yi."

Kakata Hajja ce mai jiƙa yashin. Bokiti biyu, da tafin hannu take yayyafawa, shi kuma yana tsaye a kanta kamar mai duba aikin kwangila. Sai ya durƙusa ya dangwala gwiwar hannu.

"Hajja, wannan ai kunu kika dama."

Gobe kuma: "Hajja, wannan yayyafin marowata ne."

Ita kuwa ba ta da dogon zance. "To tashi ka jiƙa da kanka."

"A'a, a'a, ya yi. Wa ya ce bai yi ba?"

Kuma ba kowane yashi ba! Sai na wani kwari can wajen Mamudo, wanda amininsa Jauro Buba, tsohon dillalin shanu, yake sawa a kawo masa a keken shanu duk farkon bazara. Shekarar da ɗan Baba, Baffa Sale, yake gini, an sauke tifa guda a ƙofar gida, aka ce wa Baba ga yashi ya zo har gida. Ya ɗibi kaɗan, ya murza, ya sansana, ya watsar.

"Wannan yashin gini ne. Bai san mutum ba."

Fanka kuwa abokiyar gabarsa ce. Ya ce ba sanyi take kawowa ba, zafin ɗaki take tattarawa ta raba wa kowa daidai wa daida. Katifar soso kuma sunanta a bakinsa kaskon tuya. Kuna tuna bikin da muka je Fika, da aka karrama shi da ɗakin maigida, katifa mai tudu, zanin gado sabo fil? Bayan azahar aka nemi babban baƙo aka rasa. Hankalin mutanen gida ya tashi, har an tura yara masallaci da bakin kasuwa. Sai muka ji mata sun ƙwalla ihu daga rumfar randuna. Muka ruga. Ga Baba kwance a ƙasa inda ruwa ke tsattsafowa, ya rungume randa da hannu biyu, ya manna mata kunci. Ya buɗe ido ɗaya ya dubi matan da suka zo ɗibar ruwa da moɗa a hannu.

"Ku ɗiba a ta hagu," in ji shi. "Wannan da mai ita."

Ni dai tun ina ƙarama muke wasan jika da kaka da shi. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa Ango, har na yi aure na haihu na zama malamar makaranta bai sauya ba. Duk gidan ni kaɗai ce nake iya gaya masa magana ya yi dariya maimakon ya ɗauki sanda. Shi ya sa da abin ya zo, a kaina ya sauka.

Wata bazara tari ya kama shi, ga zazzaɓi, numfashi yana yi masa wuya. Muka kai shi asibiti aka ba shi gado, aka ce sanyi ne ya kama masa huhu. Likitan wani saurayi ne mai tabarau. Ya gama dubawa ya ce, "Baba, a kan me kake kwanciya a gida?"

"A kan abin da za a kwantar da ni da kai a ƙarshe."

Likita bai ko ɗaga kai daga takarda ba. "To in ka koma kansa a jiƙe, kai za a riga kwantarwa, kuma da wuri."

Baba ya juyo ya dube ni. "Amarya, yaron nan ya iya baki. Ɗan wane gida ne?"

Muka yi dariya. Amma da na fito, likitan ya biyo ni baranda, ba dariya a fuskarsa. Ya ce wannan karon an ci sa'a, amma ƙirjin mai shekara tamanin da ɗoriya ba zai ɗauki na biyu ba. Ya ce in muna son tsohonmu, mu raba shi da yashin nan. Wallahi ban taɓa kawo wa raina cewa abin da muke wa dariya shi zai iya raba mu da shi ba.

Kafin a sallamo shi muka kwashe yashin tas, muka share zaure muka kafa masa gado. Jama'a, mako biyu gidan nan bai zauna lafiya ba. Baba ba ya barcin rana, na dare ma rabi da rabi. Ya yi faɗa da Hajja a kan gishirin miya, ya yi faɗa da mai karanta labarai a rediyo, ya yi faɗa da zakara. Idanunsa suka yi zuru-zuru, ya rame, abinci ma sai an yi da gaske. Wata rana na taso daga makaranta ban gan shi a zaure ba. Na zagaya bayan gida, sai ga shi a gindin darbejiya, ya tara 'yar ƙasa da ƙafa, ya juye mata butarsa, ya kwanta rigingine a kai.

"Ango! Me kake yi?"

"Alwala."

"Da gadon baya?"

Ya tashi yana kakkaɓe jiki yana gunguni, wai a gidan nan mutum ba shi da sirri. Na yi dariya a gabansa, amma da na koma gidana na kira Baffa Sale a Legas ina kuka. Na ce masa in yashi bai kashe Baba ba, rashin barci zai kashe shi.

Bayan kwana goma sai ga kwali ya iso a motar haya. A ciki akwai wata shimfiɗa mai kaurin bargo, wadda ake ɗorawa a kan katifa, an saƙa siraran tiyo a cikinta ko'ina. Sai wani ɗan akwatin inji da ake zuba wa ruwa. In an kunna, injin ya sanyaya ruwan ya tura shi ya yi ta zagaya cikin shimfiɗar, mutum na kwance a kai a bushe. Akwai lamba a fuskar akwatin, da ɗan rimot na ragewa da ƙarawa.

Baba ya saurari bayanina har ƙarshe, yana shafa gemu.

"Bari in gane. An hana ni kwanciya a kan ruwa."

"Haka ne."

"Shi ne aka aiko mini da ruwa tun daga Legas in kwanta a kai."

"Wannan ruwan a ɗaure yake, Ango. Ba ya taɓa ka."

"Ruwan da ba ya taɓa mutum, wane amfani gare shi?"

Da ƙyar na shawo kansa muka yi sharaɗi, a gaban Hajja da Jauro Buba. In shimfiɗar ta sa shi barci, ya bar yashi har abada. In ta kasa, a dawo masa da yashinsa, kuma kada wanda ya sake kawo masa zancen likita. Na san Baba, duk taurin kansa magana ɗaya yake yi. Na kuma san in na faɗi, ba ni da sauran bakin magana. Na amsa ne kawai don ba ni da wata dabara.

Ranar farko na zuba ruwa, na kunna, na sa lamba a kan sha takwas. Ya leƙo.

"Sha takwas? Har nawa take kaiwa?"

"Ta wuce arba'in, amma Baba ka ga, ita wannan..."

"Ke, fita ki ba ni wuri. Ni da na kai tirela Fatakwal ba birki, ɗan akwatin nan ne zai gagare ni?"

Na fita, na shiga cikin gida ina taya Hajja tsince shinkafa. Ba a yi rabin awa ba muka ji kururuwa daga zaure.

"Wayyo Allah! Ku kira mini Sale! Ku kira shi yanzu!"

Muka watsar da faranti muka ruga. Ga Baba tsaye a tsakiyar zaure, zani a hannu, gumi na tsiyaya daga gemunsa, bayansa ya yi jawur.

"Ku tambaye shi me na yi masa! In gado yake so ya zo ya ɗauka, ba sai ya dafa ni ba!"

Na dubi akwatin. Arba'in da biyar! Ashe da na fita ya ce rowar sanyi nake yi masa, ya kama rimot ya yi ta dannawa har ta ƙure. Ita kuwa shimfiɗar aiki biyu take yi, mutanen ƙasashen sanyi da ita suke ɗumama gado. Na yi masa bayani cewa lambar ta zafin ruwan ce, in ta yi ƙasa sanyi, in ta hau zafi.

"Ƙarya ne! Mota ma giya ta biyar ta fi ta ɗaya. Wane mahaukaci ne zai ƙera abu ƙaramar lamba ta fi babba ƙarfi?"

Ni kam sai na zauna a ƙasa ina dariya har da hawaye. Hajja ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Shi kuwa ya ce magana ta ƙare, ya ci sharaɗi, a aika wa Jauro ya ɗaura wa shanu keke. Na share ido na ce, "A'a, Ango. Wannan laifin direba ne, ba na mota ba."

Nan na taɓa masa inda yake yi masa ƙaiƙayi. Yana huci ya ce ya ƙara mini kwana ɗaya.

Washegari na sa sha takwas na ɓoye rimot a jakata, na zauna a bakin ƙofa ina gadi. Ya kwanta yana mita. Can mitar ta ragu. Ya ce, "Hmm." Ya gyara kafaɗa, ya ɗora hannu a tumbi, ido ya fara lumshewa. Na fara hamdala a zuci ke nan, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Injin ya yi shiru. Muka zauna muna jiran ko za a dawo da ita, ba a dawo ba, shimfiɗa ta ɗau ɗumin jikinsa. Baba ya tashi zaune a hankali, yana wani murmushi da ban taɓa jin haushin irinsa ba.

"Amarya, shekara nawa ina kwanciya a kan yashina, ba a taɓa ɗauke masa wuta ba."

A ranar ya aika wa Jauro cewa a kawo yashi bayan an ci kasuwa. Kwana uku ke nan suka rage mini. Ban ɓoye muku ba, na tsorata ƙwarai, don maganar likitan nan ba ta bar kunnena ba. Maigidana ya ga na kasa cin abinci, sai ya ce mu ciro solar gidanmu da batirinta mu kai wa Baba, mu ma ji da mafici. Allah ya saka masa da alheri, shi da kansa ya hau kwanon zauren da mai haɗa wuta.

Baba na zaune a kan kujera a waje yana kallonsu, ya riga ya gaya mini kada in wahalar da kaina, ya ba ni kwana biyu na cinye, ba zai ƙara hawa gadon nan ba. Can dai son sani ya ci ƙarfinsa.

"Wannan gilashin kuma na mene ne? Tagar sama za ku yi mini?"

Na gaji, raina a ɓace, na ba shi amsa a gajarce. "Rana yake kamawa. Ya tatsi haskenta ya mai da shi wuta, wutar ta juya inji, inji ya sanyaya ruwa."

Sai ya nuna sama da sandarsa.

"Tsaya. Wannan ranar?"

"Ita."

"Ita da kanta?"

"Da kanta."

"In ta ƙara ƙwallewa fa?"

"Sai wutar ta ƙaru."

"Wato duk abin da ta yi, ni take yi wa aiki?"

Sai a lokacin na ga inda zancen ya nufa. Na ce, "Kai take yi wa, Ango. Kuma ba ka biyanta ko sisi."

Wallahi da idona na ga tsohon nan ya miƙe ba tare da ya dogara sanda ba. Ya fita tsakiyar rana, ya kare ido da tafin hannu, ya ɗaga kai sama.

"To! Shekara tamanin da biyu kina gasa ni. Yau kin zama karen motata!"

Ya juyo ya shige zaure, ya haye gado da kansa, ya ce, "Amarya, tayar da mota. Sa mata giya ta ɗaya, tunda haka mahaukatan suka ƙera ta."

Ba a yi minti goma ba minshari ya tashi, irin na da, wanda ake ji daga bakin titi. Hajja ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya tana saurare, ni kuma na zauna a dakali na yi kukan daɗi ba kunya. Da aka kira la'asar sai da ta girgiza shi sau uku kafin ya buɗe ido. Abin da ya fara cewa shi ne, "Akwai shaiɗan a cikin akwatin nan." Amma yana faɗa yana shafa shimfiɗar.

Ranar da Jauro Buba ya iso da keken shanu cike da yashin Mamudo, Baba ko tashi bai yi ba.

"Kai wa masu gini."

"Gimba, lafiyarka? Tun safe nake fama da shanun nan!"

"Cire takalmi ka zo ka ji."

Jauro ya kwanta a ɗarare, can ya saki jiki, ya hau godiya da Fulatanci, ya ce, "Laa ilaa! Useko, Gimba, useko!" Sai da aka ja ƙafarsa ya sauka. Daga nan tsofaffin majalisarsu suka mai da zauren wurin ziyara, kowa a ba shi ɗani gwargwadon jan carbi ɗaya, Baba na riƙe da rimot kamar makullin mota. Kullum rana ta take kuma sai ya leƙa waje ya ɗaga murya: "Ƙara wuta, 'yar nan! Maigida zai kwanta!" Tarin bai dawo ba. Ya yi ƙiba, ya shirya da zakara.

Wajen ƙarshen bazarar, a wata rana da ko tsuntsu ba ya motsi don zafi, na shigo zaure na tarar da gado ba kowa, shimfiɗa ba ta, akwati ba ya nan. Na ce shi ke nan, ya koma. Na ruga gindin darbejiya, ba kowa, ƙasa a bushe. Na shiga cikin gida, sai na ga an ja waya ta bi bango har ɗakin Hajja. A bakin ƙofar ɗakin Baba ne zaune a kan busasshiyar tabarma, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, yana fifita da faifai. A ciki injin na ta ɗan gurnaninsa, Hajja kwance a kan shimfiɗar ta yi ɗaiɗai, baki a buɗe. Tunda nake ban taɓa ganin matar nan tana barcin rana ba.

Ya ɗora yatsa a baki. Na durƙusa kusa da shi na yi ƙasa da murya.

"Ango, na ɗauka ka koma yashi."

"Na yi magana ɗaya."

"To me ya fito da kai?"

Ya daɗe yana juya faifan a hannu.

"Jiya ta sunkuya tana ajiye mini abinci, na ga wuyanta duk ƙurajen zafi. Na ce, Hajja, ke ma kina jin zafi ne? Ta ce, sai yau ka tambaya?"

Ya share gumi da hannun riga, ya dubi cikin ɗakin.

"Shekara hamsin da ɗoriya, Amarya. Ni na ɗauka ni kaɗai Allah ya halitta da fata."

Daga ranar suka raba, yau shi gobe ita. Sai dai Baba, da bai taɓa manta lambar motar da ya tuƙa ba, ya zama mai yawan manta ranarsa. In Hajja ta ce yau kwanansa ne sai ya hau faɗa, wai ita ce ba ta iya lissafi ba.

Bai ga wata bazarar ba. Da damina ta yi nisa ya yi 'yar jinya ta kwana uku, ba ta ƙirji ba, ya cika da safe muna zagaye da shi, ana yayyafi a waje.

Ya Allah, ka san bawanka Gimba, ka san bai iya zafi ba. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka sa shi a inuwarka ranar da babu wata inuwa sai ita. Hajja kuma ka ƙara mata lafiya da haƙurin rashinsa. Amin.